Ranar da aka auna ɗakin Adda Safiyatu tana ciki

Wai tsakani da Allah, an taɓa auna muku ɗaki kuna zaune a ciki, kuna ma zuba wa masu awon zoɓo? To wallahi abin da aka yi wa Adda Safiyatu mai awara ke nan a nan Limawa, duk mai bin layinmu da yamma ya san ta, ita ce take ƙara wa yara yaji ko ba su roƙa ba.

'Yar wani ƙauye ce a bayan Garki, gidan noma ta taso, gero da dawa da 'yan awaki. Aure ne ya kawo ta Dutse, mijinta Malam Lado gadi yake yi a gidan wani mai kuɗi, a ɗakin gadin suke zaune. Da Allah ya yi masa rasuwa tana fita takaba aka ce sabon mai gadi yana son ɗaki. Dangi suka ce ta dawo gida, ta ce a'a, 'yarta Afra'u tana makaranta a nan kuma kanta yana ja, ba za ta cire ta ba.

Nan fa aka shiga neman haya. Kai jama'a, ba lungun da dillalai ba su kai ta ba a cikin rana, ko'ina maganar ɗaya ce, ina maigidan naki? In ta ce ya rasu sai a ce Allah ya jiƙansa, a tura ƙofa. Wani ma cewa ya yi hayaƙin suya zai ɓata masa bango.

A islamiyyar matan aure ta haɗu da Hajiya Mailafiya. Hajiya ta ce, "Akwai wani ɗaki a bayan gidana, tumaki ne a ciki, in za ki iya gyarawa ki shiga. Ni da ke an zama ɗaya, Safiya, ba mai tashin ki in dai ina numfashi."

Da hannunta Adda ta kwashe kashin tumakin nan. Da ribar awara ta yi daɓen siminti, ta sa silin, ta sa ƙofar ƙarfe, a hankali ta kewaye banɗaki ta jawo famfo, har ta fitar da ɗan falo. Kuɗin haya ma ba ta taɓa bari an aiko mata tuni ba. In Hajiya ba lafiya ita ce mai jinya, ɗan autan Hajiya kuwa, Ziyad, a bakin kaskonta ya girma.

To shekarun nan sai Ziyad ya tashi aure. Hajiya ta ce mata, "Ai ke ce uwar ango." Adda har da guɗa! Da ita aka kai lefe, akwati a kanta. A can dangin amarya suka tambaya ina za a ajiye 'yarsu, ƙanwar Hajiya ta ce ciki da falo ne har da famfo, Adda ta karɓe da bakinta ta ce, "Ku kwantar da hankalinku, Hajiya ba ta yin abu rabi da rabi." Ita duk zatonta filin Hajiya na bayan gari aka gine.

Ana nan Hajiya ta ce, "Safiya, ki sa a shafa wa ɗakin nan naki fenti mana, baƙi za su cika gida. Ruwan madara zai fi haske." Adda ta sa aka shafa da kuɗinta.

Ran wata Asabar sai ga wasu mata sun sha leshi, Hajiya ta leƙo ta ce baƙi ne, su yi sallah a wajenki, nawa ɗakin a hargitse yake. Adda ta shimfiɗa musu darduma ta kawo zoɓo mai ƙanƙara. Suna sallamewa ɗaya ta zaro tef ɗin tela daga jaka ta ce, "Baiwar Allah, ɗan kama min nan."

Ta kama. Wallahi ta kama, har tana danna shi a jikin bango kar ya zame.

"Gadon zai shiga nan, wadrob can, madubi sai dai a falo."

Adda ta ce, "Gadon wa?"

Matar ta dube ta ta ce, "Au, na amarya mana. Ba ke ce aka ce za ki koma ƙauye kafin biki ba?"

Ko takalmi Adda ba ta sa ba ta nufi wajen Hajiya, ta tarar tana tsintar shinkafa a faranti. Hajiya ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "To Safiya, ɗana ne fa. In kai shi haya alhali ga gidan ubansa? Da na faɗa miki da wuri da kin tashi hankalinki, hidimar biki ta tsaya."

"Fentin fa, Hajiya?"

"Allah zai ba ki lada."

Adda ta juya ta koma haɗa kayanta. Mutanen unguwa sun ce ta kai ƙara, wasu samari sun ce su zo su cire ƙofar da famfon tunda nata ne, ta ce a bar wa Ziyad, shi ba ta san ko ya sani ba kuma ba ta son ta sani. Ranar da aka zo jere, ana shiga da gado ta ƙofar gida ita tana fitar da katifarta ta baya.

Yanzu haka kayanta suna jibge a soron Malam Izzuddeen mai makarantar allo, ita da Afra'u suna kwana a ɗakin matarsa, ga jarrabawar yarinyar ta matso, a tsakar gidan mutane take karatu. Adda ta koma bin dillalai, ana ta tambayar ta ina maigidan.

Don Allah duk wanda ya karanta kar ya riƙe a wayarsa, ya tura gaba, ko Allah zai sa ya faɗa hannun mai ɗaki ɗaya a Limawa ko kusa da ita, wanda zai ba wa mace da 'yarta haya.