Wanda Inna Ta Sha

Rediyon mai shayin bakin kasuwar Yelwa ba ya yin shiru sai batir ya mutu. A nan na ji labarin, ina tsaka da hura shayina: nakasassun ƙasarmu sun ciyo zinariya a gasar duniya, wajen ɗaga ƙarfe. Masu ƙafafu biyu sun riga sun je tasu gasar, sun ci sun sha, sun dawo hannu rabbana. Sai guragu ne suka sa aka ɗaga tutarmu. Ai yanzu ma ba a cewa guragu a rediyo, "masu buƙata ta musamman" ake cewa. An yi wa baki kwalliya.

Wani Alhaji a kan benci ya bugi cinyarsa. "Wallahi ɗiyanmu sun hisshe mu kunya! Mu dai ba mu san wulaƙanta mutum ba."

Na waiwaya na dube shi, shayin ya fita raina. Shi bai gane ni ba, ni kuwa ko cikin duhu zan gane shi. Ɗan sarkin ruwan ƙauyenmu ne.

A gidan kakata na tashi, a wani ƙauye kusa da Warra, inda warin banda yake kama riga ya ƙi fita ko an wanke. Kowa Inna yake ce mata, 'ya'yanta da mu jikoki. Autanta, kawuna, shan-inna ya kama shi tun yana rarrafe. Ƙafafunsa kamar sillen kara, a naɗe ƙarƙashinsa. A tudu da hannu yake tafiya, yana sanye da silifa a tafukansa, yara na binsa da waƙa, manya na yi kamar ba su ji ba. Amma kai da ba ka gan shi a ruwa ba, ba ka ga Kawu ba. Da ya ja jiki ya faɗa jirgi ya kama filafilin tuƙi, shi ke nan. Kafaɗunsa sun fi ƙofar ɗakinmu faɗi. Idan ruwa ya cika bayan damina, iska ta taso, ƙattin gari suna zaune gindin mangwaro suna hira, shi ake kira ya ƙetare da mai naƙuda.

Wata shekara aka shirya tseren jirage tsakanin ƙauyukan bakin ruwa, aka ce manyan baƙi za su zo daga birni. Al'adar ita ce wanda ya zauna a bayan jirgi, mai juya shi, shi ke hawa gaban manya ya karɓi tuta idan an ci. Babu wanda ya yi gardama a kan wa zai zauna baya. Suna son ci, ai ba mahaukata ba ne.

Inna ta wanke zanenta na Salla tun ana saura kwanaki. Ba tutar ce ta dame ta ba. So take sau ɗaya a duniya a kira ɗanta gaban jama'a a kan abin da ya yi, ba a kan abin da ya rasa ba. Ranar ta riƙe hannuna muka tsaya cikin mata, ƙafafunmu a laka, ganguna na tashi.

Jirginmu ya shigo na fari, na biyu bai ko kusa ba. Na ga Kawu ya ajiye filafili, ya ɗauko silifansa ya zura a hannu. Inna ta kai yatsu ga hanci za ta rangaɗa guɗa.

Sai sarkin ruwa ya shiga ruwa har gwiwa, da babbar rigarsa, ya dafa kafaɗar Kawu. Bai ma rage murya ba.

"Zamna nan. Wanda Inna tas sha shi za ya ja gindi gaban baƙi? A ce garinmu babu mutane?"

Ya yafito ɗansa. Aikin da ɗan nan ya yi a tseren duka shi ne kwarfe ruwa da ƙwarya a tsakiyar jirgi. Shi ya hau, ya wangale baki, ya karɓi tuta, aka ɗauke shi hoto. Kuma duk ƙattin da Kawu ya tuƙo babu wanda ya tsaya masa. Tafi suka yi, har da tsalle. Inna ta sauke hannunta a hankali ta gyara ɗaurin zane.

Ni a lokacin ban san akwai wata Inna ta iskoki da ake ɗora wa ciwon ba. Inna ɗaya na sani. A hanyar gida na ce, "Inna, don mi kinka sha ƙahwahun Kawu?"

Ta tsaya cak. "Ba ni ta ba, ɗan nan. Kuma waccan Innar ƙahwa kaɗai taɗ ɗauka."

Har ta koma ga Allah ban sake jin guɗarta ba, ko a bikin suna.

To, mai ƙwaryar nan shi ne yau yake bugun cinya yana cewa ɗiyanmu. Har gobe haka muke: a bar mutum ya yi ta jan jiki a ƙofar masallaci, ranar da ya ciyo wani abu a ƙasar waje kowa ya zama ubansa. Na raina wannan murna, na raina masu yin ta.

Ranar kasuwa na hau mota na je ƙauye. Na tarar da Kawu yana ɗinkin komar kamun kifi, gemu ya yi fari fat, kafaɗun sun zube. Na nuna masa a waya yadda wata mata ta kwanta a benci ta ɗaga ƙarfen da ya fi ta nauyi. Ya gyaɗa kai kawai, bai ga abin mamaki ba.

"Da tac ci, wa anka aika ya amso mata?"

"Ita da kanta, Kawu. Da kekenta ta hau. Wani babban mutum ya sunkuya ya rataya mata a wuya."

Ya ajiye komar.

"Yas sunkuya?"

"Ya sunkuya."

Ya goge hannunsa a riga, ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da idonsa.

"Bar wurin ƙarhen nan. Maido min inda yas sunkuya."