Bangon da Kavutha Ta Sa Aka Gina

Shekara arba'in Kavutha tana tonon yashin rafi da ƙoƙo tana neman ruwa. In rani ya yi nisa sai ta kora jaki tafiyar awa uku zuwa babban kogi, ta dawo da jarka huɗu da gwiwoyi kamar ba nata ba. A ƙauyensu na Kitui ba wanda ya taɓa ganin ta zauna da rana, shi ya sa matan gayya suka ba ta shugabanci da aka tashi tare rafin da bango.

Magininsu Nzioka, mai sanyin jiki har ya ba ka haushi, ya ce kamu biyu kawai za a ɗaga, a jira damina. In ambaliya ta zo, yashi mai nauyi ke fara kwantawa a bayan bango, laka kuwa ta tsallake ta bi ruwa. Yashin nan ne ke ɓoye ruwa har rani. Sai a ƙara, a sake jira, har damina uku. Wai sunan da masana ƙasa suka ba yashin da ke kwantawa haka ma, asalin ma'anarsa a tsohon yaren Rumawa "zama" ce kawai.

"Ɗan nan, kai da matarka ce ke kawo maka ruwa, ai dole ka iya jira," in ji Kavutha. "Ga dutse, ga siminti. A gama."

Gajiya ce ta yi magana, kuma duk matan sun gaji. Ba wadda ta musa. Aka kai bango ya wuce tsayin mutum.

Daminar farko ta cika shi fal. Aka dafa masara da wake, aka yi rawa. Da rani ya shigo Kavutha ta durƙusa ta tona. Jar laka ce, tana kama hannu kamar kwantan tuwo, ko ɗigo babu. Tsayin bangon ya hana lakar tsallakewa. Suka jira damina ta biyu, suka jira ta uku, lakar tana nan.

Nzioka bai goranta mata ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Ya ce sai an sare bangon, ruwa ya kwashe lakar, a faro daga ƙasa.

"Damina nawa?"

"Uku, Mama."

Da an bi maganarsa, a wannan watan za ta fara ɗiban ruwa a bayan gidanta. Ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta tafi kwance jaki.