Baba Yatsa da Tsinkakken Mai

Duk wanda ya taɓa kai mota garejin da ke bayan tasha ya san Baba Yatsa. Ba daga gida ya zo da sunan ba, direbobi ne suka laƙaba masa. In aka kawo mota, sai ya zaro sandar awon mai, ya shafo baƙin man, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, sannan ya yanke hukunci. "Wannan ya mutu, a juye." Ko kuma, "Da sauran ransa, je ka ci gaba da nema." Hukuncinsa ba a ɗaukaka ƙara.

Tun yana saurayi ya koyi aikin a hannun wani ubangida mai faɗan tsiya, wanda ya dasa masa darasi ɗaya a ka: mai kauri shi ne mai, saura duk ruwa ne. Da wannan aƙida ya yi aure, ya gina gida, ya sa 'ya'ya a makaranta. Kuma a faɗi gaskiya, ba ta taɓa ba shi kunya ba, don injinan da ya saba da su tsofaffi ne, sun sake, kauri suke so. Taurin kai kuwa, in ana rabonsa ne, to Baba Yatsa ya shiga layi sau biyu.

'Yarsa ta fari ungozoma ce a asibiti, ita yake kira Uwata. Da ta sayi 'yar motarta ta zamani, babu wanda ya kai shi murna. Ya zagaya motar, ya shafa ta, ya shaida wa duk wanda ya wuce cewa muddin yana raye, babu hannun da zai taɓa wannan inji sai nasa.

Ranar juyen farko ta zo da galan na man sintetik, irin wanda aka ce mata motar ke sha. Ya buɗe, ya murza, ya ɓata fuska.

"Uwata, wa ya cuce ki? Wannan ai ruwan shayi ne."

"Baba, lambar da ke kan murfin injin ke nan."

"Murfi ne ya san mota ko ni?"

Ya ture galan ɗin gefe, ya zuba mata mai kaurinsa, 20W-50, wanda yake zuba wa motocin haya.

Ba a jima ba motar ta fara ƙara da safe, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ta yi nauyi, ta koma shan fetur, wata fitila ta kunna kanta a gaban sitiyari. Ga Uwata kuwa aikinta ba na jira ba ne, naƙuda ba ta san uzuri ba. Ba ta ce wa mahaifinta komai ba. Sai dai daga nan, in ta zo gaisuwa, a ƙafa take shigowa layin, ta ce ta bar motar a gida.

Wata ranar ya fita karɓo ɗinki a bakin titi, sai ga motar a fake bayan shagon tela. Ya tsaya. Da fararen kayansa ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashinta. Sabuwar filta ya gani, ba irin wadda yake sakawa ba. An kai motar 'yarsa wani gareji, ana kuma ɓoye masa ita kamar kayan sata.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ba fushi ya ji ba, kunya ya ji, har daren nan ya bar tuwonsa, shi da bai taɓa barin loma a kwano ba. Da ya koma gida ya tarar da Uwata tana hira da uwarta, ya amsa gaisuwarta kamar kullum.

Washegari ya nufi shagon wata mata mai sayar da man mota, wadda ya daɗe yana yi wa kirari da mai sayar da ruwa.

"Yau kuma rana ta ina ta fito, Baba Yatsa?"

"Ban zo wasa ba. Faɗa mini abin da lambobin nan na jikin galan ke nufi."

Ta ga idonsa, ta daina dariya. Ta ce lambar farko tana nuna yadda mai ke gudu in inji ya yi sanyi, ta biyun kuma kaurinsa in inji ya ɗau zafi. Injinan yanzu hanyoyin mansu matsattsu ne, mai kauri kafin ya isa sama da safe, ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe.

"To, duk masu lamba ɗaya, ɗaya suke?"

"Ina! Lamba kauri take faɗa, ba ta faɗin asali. Wani an tace tushensa tas, wani kuwa man gama-gari ne aka yi wa kwalliya. A yatsa ba za ka bambance su ba."

"Yatsana?"

"Ko naka, Baba."

Baba Yatsa ba mutum ne da ake gaya wa magana ya haɗiye ba. Ya sa ta tsiyaya masa kowane iri a 'yan kwalabe, ya kwashe ya yi gida. Matarsa ta buɗe firji za ta ɗauki ƙanƙara, ta tarar da kwalabe jere kusa da namanta.

"Malam, baƙin mai a firjina? Tsufan ne ya fara, ko mu za a yi wa juye?"

"Ki bar su su kwana. Makaranta na shiga."

Da safe ya jingina tsohon gilashin mota a bango, ya ɗiga kowane mai daga sama. Tsinkakken ya gangaro abinsa. Nasa mai kaurin, abin alfaharinsa, ya tsaya yana jan jiki kamar zuma. Ya daɗe yana kallonsa, yana tuna ƙarar da matarsa ta ce motar Uwata na yi da safe.

Sannan ya koma kan zafi. Ya zuba mai iri biyu masu lamba ɗaya a gwangwanaye, ya jera a kan faifan ƙarfe bisa risho a bayan gareji. Direbobi suka taru suna tambaya ko ya koma sana'ar suya ne. Bai kula su ba. Ɗaya ya yi hayaƙi, ya ƙone, ya bar baƙin danƙo a gindin gwangwani. Ɗayan ya ɗan yi duhu kawai, yana nan da santsinsa. Kafin ya ɗora su sai da ya murza kowanne, kuma wallahi bai ji bambanci ba. Ya sake gwadawa, ya kuma sakewa, har mai shagon ta ce zai ƙarar mata da kaya.

Ranar da Uwata ta saba zuwa, ya sayi galan na wanda ya jure wutar, mai lambar da ke kan murfin injinta. Ya je bayan shagon tela ya zauna a kan benci, galan a gabansa. Da ta shawo kwana ta gan shi, ta kashe motar, ta fito.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya lau, Uwata. Buɗe mini gaban."

Ta buɗe. Ya duba filtar, ya duba man, ya gyaɗa kai. Wanda ya yi aikin ya yi daidai, kuma ya faɗa da bakinsa.

"Baba, ban so ka ji haushi ba ne. Kuma lokacin juye bai yi ba tukuna."

"Na gani. Ni na ɓata miki mota, na kuma gano inda na ɓata. Ga wannan, na gwada shi a sanyi, na gwada shi a wuta. Sa shi a but. Ranar da lokaci ya yi, ko ni ko wani, shi za a zuba."

Ya ɗaga murfin but ɗin da kansa. Babu komai a ciki sai tayar safaya. Uwata ta riƙe galan ɗin, ta dubi mahaifinta, sannan ta miƙa masa shi da hannu biyu.

"Ajiye mini a garejinka, Baba. But ɗin nan a cike yake."