Mariƙin Kakana Bahago

Har yau in na bi ta layin 'yan katako na shaƙi ƙamshin maɗacin da aka goge, sai in ga ƙafata ta rage sauri ba da izinina ba. Ƙamshi ne mai ɗaci-ɗaci wanda ba kowa ke so ba, amma ni a wurina shi ne ƙamshin zauren gidanmu na cikin birnin Daura, inda kakana ya yi kafintanci har ƙarfinsa ya ƙare.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Akwai zarto da guduma da gizago, sai kuma abin da ya fi ji da shi, wato ƙarfen nan mai shafaffen ciki da ake tura shi a kan katako yana fere masa fuska, wanda kafintoci ke kira filen. Tun yana saurayi ya saye shi a kanti. Da yake kakana bahago ne, mariƙin da Turawa suka sa wa filen ɗin bai zauna masa a hannu ba. Sai ya kwance shi, ya sassaƙa nasa da icen ƙirya, ya yi masa ɗan kwarmi daidai inda babban yatsansa na hagu ke kwanciya. Gumi da man gyaɗa suka mai da mariƙin nan baƙi wuluk, yana ƙyalli.

Sunan matarsa aka sa mini, saboda haka shi amarya yake ce mini, baffana kuma, wato ƙanen mahaifina da ya gaji sana'ar, uwata yake kirana. Da rani, in hantsi ya shigo zauren, nakan zauna a bakin ƙofa ina sauraren filen ɗin yana tafiya, shuuu, shuuu, ɓawon katako yana fitowa a nannaɗe, siriri har kana ganin haske ta cikinsa. Kakana yakan zaɓi wanda ya fi kyau ya rataya mini a kunne.

"To amarya, ga 'yan kunnenki na biya," in ji shi. "Kada gobe ki ce mijinki marowaci ne."

Ni kuwa sai in shiga gida ina yanga, wuyana a sandare don kada su faɗi. Kafin azahar kakata ta hura wuta da su, in yi ta kuka, washegari a sake mini sababbi.

Wata shekara gab da babbar salla, ragon layyarmu ya tsinke igiya ya kutso zauren a guje, ya bangaji bencin aiki. Filen ɗin ya faɗo kan dutsen da ake wasa ƙarfe, ya dare gida biyu daidai bakinsa. An kai wa maƙeri ya girgiza kai, an kai wa mai walda ya liƙa, da aka tura sau ɗaya ya sake rabewa. Kakana bai yi faɗa ba. Ya kwance mariƙin kawai ya sa a aljihu. Na dai lura ranar salla da aka miƙo masa naman ragon nan, ya ci da wani irin ƙwazo da ban saba gani ba. Ya sayi wani filen daga baya, amma mariƙin bai shiga ba, kuma har ya rasu yana cewa sabon ba shi da murya.

A gidanmu kaf, baffana ne kaɗai ya ɗauko hagun kakana, don haka da aka raba gado ba wanda ya yi jayayya da shi kan guntun ice. Yanzu shi ma ya tsufa, idonsa ya fara hazo, aiki ya koma hannun masu injin. Bara da na je gaishe shi na tarar yana juya mariƙin a tafinsa.

"Uwata," ya ce, "in so samu ne, in ƙara jin kukan nan ko sau ɗaya kafin in bi tsoho."

Maganar ta tsaya mini a rai. Da na koma gida na shiga intanet ina lalube, ashe wata duniya ce guda ban san da ita ba. Akwai shafukan gwanjo da ake baje tsofaffin filen, mutane daga ƙasashe daban-daban suna taya, wanda ya fi tayi kafin lokaci ya cika shi ake sallama wa. Wallahi sai abin ya shiga jinina. Ni da ban taɓa buga ƙusa daidai ba, na wayi gari ina buɗe hoto ina leƙa bakin filen ko ya ɓantare, ina duba ko baƙin fentinsa na asali ne, ko wuƙar ta cinye da washi. Na gano masu tara irin kayan nan sun fi son wanda bai taɓa aiki ba. In da kwalinsa na asali, to kuɗin sai ya tashi sama. In kuwa an taɓa canza masa mariƙi ko an yi masa gyara, sai su yatsine fuska. Mutum ya sayi kayan aiki ya kulle a kabad ɗin gilashi yana kallo! Na yi musu dariya, sannan na tsinci kaina ina taya irin nasu, suna kayar da ni ɗaya bayan ɗaya.

Da na kai wa baffana ƙorafi ina nuna masa hotunan, sai ya kawo wayar dab da idonsa, ya ce, "Ke uwata, me za mu yi da mai mariƙi? Mai karyayyen hannu za ki nemo, mu ai muna da hannu."

Ya karyo tsinken tsintsiya, ya gwada tsakanin ramukan nan biyu da ke ƙasan mariƙin inda ƙusoshi masu murɗi ke shiga, ya yanke daidai ya ba ni. Tsinken nan na ɗaure shi a bakin mayafina kamar wata dukiya. Duk filen ɗin da na gani mai karyayyen mariƙi sai in roƙi mai shi ya auna mini ramukan, ni kuma in ɗora tsinkena a kan rula. Wannan ya yi tsawo, wancan ya gaza. Sai da damina ta kusa wucewa na ci karo da wani tsohon filen mai tsatsa, mariƙinsa a karye rabi, mai sayarwa har yana ba da haƙuri a bayaninsa. Awon ya zo daidai da tsinke. Ihun da na yi sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

Ɗan yayata da ke karatu a ƙasar da mai sayarwar yake ya yarda in an sallama mini zai karɓa ya taho da shi hutu. Na yi tayi na zauna ina murna, don na ɗauka ba mai son gurgu sai ni. Ashe akwai wani da ke sayen irinsu don ya ciri sassa. Ina ƙarawa yana ƙarawa. Ban san shi ba, ban san garinsu ba, amma na ji haushinsa kamar wanda ya taka mini shanya.

Ranar rufe gwanjon kuma ta faɗo daidai da sunan 'yar ƙanwata a Kongolam. Wanda ya san garin ya san halin waya a bakin iyaka, kana zaune sai ta saki sabis ɗinmu ta kama na Nijar. Bayan la'asar, ana tsakar rabon waina, na duba na ga mutumin ya sake haye ni, lokaci ya kusa cika, wayata kuma ta tsallaka iyaka ta bar ni. Na fito da gudu takalmi ƙafa ɗaya. A ƙofar gida na ga amalanken shanu, na tattare zani na haye, na ɗaga waya sama ina juyi. Mata suka biyo ni suna salati.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa! Ku yi mini addu'a, ciniki nake!"

Sabis ya dawo ɗan ƙyas. Na danna iyakar abin da na yanke wa kaina, na rufe ido. Da na buɗe sai na ga an sallama mini. A kan amalanken nan na rangaɗa guɗa, mutanen gidan suna suka amsa mini ba tare da sun san dalili ba.

Da kayan ya iso, ni na kai wa baffana da hannuna. Duk abin da masu tarawa suka ce kada a yi, ranar aka yi shi. Ya kankare tsatsar, ya goge cikin a kan dutse, ya wasa wuƙar har tana aske gashin hannu, ya jefar da karyayyen mariƙin gefe. Sannan ya zaro na kakana daga aljihu ya ɗora. Ƙusa ta farko ta shiga, ta biyu ta ɗan cije, ya ɗiga mata man gyaɗa ya murɗa, ta zauna daram.

Ya ɗauko guntun maɗaci, ya yi bisimilla, babban yatsansa na hagu ya faɗa cikin kwarmin nan, ya tura. Shuuu. Ya tsaya cak. Ya sake turawa, wannan karon a hankali, kansa a karkace yana saurare.

"Shi ne," ya ce. "Wallahi shi ne."

Yanzu a layin 'yan katako injin ke wannan aiki, cikin ƙiftawar ido ya goge abin da kakana zai wuni a kai, kuma ba na ganin laifinsa. Sai dai injin gari yake zubarwa, ba ya fitar da abin da yarinya za ta rataya. In da za a mayar da filen ɗin nan gwanjo yau, da mariƙin ƙirya da gogaggen ciki, na san ko rabin kuɗinsa ba za a taya ba. Ban damu ba ko kaɗan. Ranar nan baffana ya duƙa ya lalubo nannaɗaɗɗen ɓawo guda a ƙasa, ya miƙo hannu yana neman kunnena, ni da furfurata na sunkuya masa.

"Tsoho ya bar saƙo," ya ce. "Wai a ci gaba da biyan amarya."