Saƙon da Na Karanta wa Inna

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Talata a gidanmu na Madadi ba, shekarar da na gama sakandare. A lokacin ni ke karanta wa gida duk abin da ya zo da Turanci, kuma ina ji da kaina sosai.

Yayata ta tafi Kano neman gurbin karatun jinya, ta sauka wurin wata ƙawarta da ba ta jin Hausa. Kwana huɗu shiru. Da hantsi sai ga saƙon ƙawar a wayar Inna: "She has been admitted." Kalmar nan ta ƙarshe ita muke ta jira. Na daka tsalle.

"Inna, an ɗauke ta! Ta samu makaranta!"

Maƙwabta suka cika gida da barka. Inna tana amsawa, amma ta kasa zama. Ta ɗora tukunya ta sauke, ta leƙa zaure ta dawo.

"In abin murna ne, me ya hana ta faɗa min da bakinta? Kira min ita."

Wayar Yaya a kashe. Ta ƙawar tana shiga, ba a ɗagawa. Tun ina cewa caji ne, har ni ma na fara shakka. Bayan azahar na hau keke sai Gwarzo, wurin tsohon malaminmu na Turanci. Ya karanta, ya cire tabarau.

"An ɗauke ta a ina? Makaranta ko asibiti? Wanda aka ba gado ma haka ake cewa. Har wanda ya amsa laifinsa. Ka tambaya?"

"Ban tambaya ba, Malam."

Kafin la'asar muna cikin motar Kano. Inna sai leƙen hanya take. Muna wajen Kabo ƙawar ta kira. Ashe ciwon ciki ne ya kayar da Yaya, an yi mata aiki tun safe, ana ta cigiyar 'yan uwanta, mu kuwa muna gida muna karɓar barka.

Allah ya sa ta tashi. Da ta buɗe ido ta ga Inna, cewa ta yi, "Na zaci ba za ku zo ba."

Ranar na gane cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu ko uku, mutum kuma wadda yake so ita yake fara ji. Yanzu in ban tabbatar ba, tambaya nake yi, ko da za a ce ban iya Turanci ba.