Mai Askin Rabin Kai

Mai askin bakin layinmu bai taɓa gama kai a zama ɗaya ba. Tun yana saurayi haka yake: ya kunna inji, ya tuna labari, ya ajiye inji. Na sha gaya masa da da baki ake aski, da tuni ya gina bene. Shagon nasa kujera ɗaya ce mai kuka, madubi mai tsaga, sai benci.

A bencin nan jikana da abokinsa Zomo, mai manyan kunnuwa, suke faɗan wa zai fara hawa kujera. Bara Zomo ya kashe kansa, Allah ya ji ƙansa. Unguwa ta haɗiye sunansa, sai dai a ce "abin da ya faru". Jikana kuwa, ɗan sakandare, ya daina magana, abinci sai tsakura, gashi ya taru masa kamar sheƙar tsuntsu.

Na tsokane shi na ce, "Maigida, ni ba na zaman aure da mai kan tsintsiya. Tashi." Na tasa shi gaba.

Mai aski ya ɗaura masa ƙyalle, ya share gefe guda, ya ce, "Yau babu Zomo, ka hau kujera ba gardama. Ka tuna ranar da na yanke shi a kunne? Ya ce laifina ne, na ce kunnen ne ya tare hanya."

Sai yaro ya yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ya ce, "Baba, Zomo ya kira ni a waya a ranar, ban ɗauka ba."

Mai aski ya ce, "To ni fa? A satin na riƙe kansa da hannu biyu, ban ga abin da ke ciki ba. Kai ta waya za ka gani?"

Sai ya kashe inji, wai ya yi zafi, a dawo gobe. Ƙarya! Na taɓa injin, sanyi ƙalau. Da rabin kai dole yaro ya koma, washegari ma haka, har ya saba zuwa hira ko babu abin askewa. Mai askin ne ya ja ni gefe: "Iya, ni wajen kai na iya. Na cikin, ku kai shi ga likita." Muka kai shi, yana kuma zuwa.

Jiya ya shigo kai tas, ya cinye abincinsa ya hau nawa. Na ce, "Maigida, aure ya dawo, amma saki kwanon nan."