Talatar da Inna ta raka ni asibiti

Shekara uku na yi ina shan maganin tari, ban taɓa yin tari ko sau ɗaya ba. Ni tela ne a Tudun Wada, da kwalba guda na fara, wai don in jure ɗinkin sallah. Ranar da na ɗinka wa wani Alhaji kaftani, hannun dama ya kai gwiwa, na hagu ya tsaya a agogo, na kai kaina asibiti.

Ba su kwantar da ni ba. Cewa suka yi in riƙa zuwa duk Talata, a gwada fitsarina, in ga likita, sannan mu takwas masu irin matsalata mu zauna da wani malami, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance. Abu ɗaya nake tsoro, kada Inna, mahaifiyata, ta sani. Sai na ce mata olsa ce.

Nan na tafka kuskure. A gidanmu mara lafiya ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Talata ta uku na tarar da ita a zaure da tabarma, da filo, da buta, da kular tuwo. Na yi rantsuwa na warke, ta ce in wuce mu tafi.

Muna isa ta tare wata nas.

"'Yar nan, ina gadonsa?"

"Ba ma kwantarwa, Hajiya."

"Allura fa? Ƙarin ruwa?"

"Babu. Magana ake yi da su."

"Magana? Wannan da ko gaisuwa sai an roƙe shi?"

Ta je ta shimfiɗa tabarmarta daidai ƙarƙashin tagar ɗakin da muke zama. Ina ciki ina jin ƙarar carbinta. Da layi ya zo kaina, malamin ya ce in ɗaga murya. Na dubi tagar, na ce, "Alhamdu lillahi, cikin ya yi sauƙi, yaji kawai nake gudu."

'Yan'uwana bakwai suka kwashe da dariya. Sai ga muryar Inna ta taga:

"Malam, ƙarya yake yi. Buhu guda na kwalabe na kwashe a bayan keken ɗinkinsa, tun bara nake kwasa."

Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata.

"Amma yau sati uku ban tsinci ko ɗaya ba," in ji ta. "Wannan ma a rubuta masa."

Na yi kuka a gaban ƙarti bakwai, su kuma suka cinye tuwon jinyata tas. Daga ranar ba ta fasa Talata ko ɗaya ba, da tabarmarta da kularta. Har yau in maƙwabta suka tambaye ta abin da ya same ni, cewa take yi olsa ce.